Wasiƙa Kan Tsohon Assembler da Layin Megabayit 16

Zuwa ga abokina,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya kuma sanyin can? Na karanta saƙonka kan shirinku na yaren COBOL a babbar kwamfutar IBM, da yake faɗuwa da S0C4 (kuskuren taɓa wurin ƙwaƙwalwar da ba a yarda masa ba) duk sa'ad da ya kira tsohon shirin assembler (yaren da ke kusa da na injin kansa). Ka ce kuna so ku sake haɗa tsohon shirin a AMODE 31, wato yanayin adireshi mai bit 31, ku huta. Don Allah ku dakata tukuna.

Wanda ya rubuta shirin nan ya yi shi ne bisa adireshi mai bit 24, gadon kwamfutar System/360 ta IBM ta 1964, wanda ba ya gani sama da megabayit 16 na ƙwaƙwalwa, iyakar da ake kira layi. Tun da manhajar sarrafa kwamfuta MVS/XA ta kawo bit 31 a farkon shekarun 1980, COBOL yana iya ajiye bayanansa a saman layin. Sai ya miƙa adireshin ta rajista 1 (ɗaya daga ƙananan ma'ajiyan cikin injin), tsohon ya yi watsi da bayit na sama, ya nufi wani wuri dabam. Faɗuwar da kake gani ma rahama ce. Wanda nake tsoro shi ne ya rubuta a kan wasu bayanai shiru, ba a gane ba sai ranar rufe lissafi.

Canza AMODE kaɗai ba ya warkar da wannan. Masu rubuta shiri na da can sun saba cusa alamomi a bayit na saman adireshi tunda fanko ne, su share shi da umarnin LA kafin su yi amfani da adireshin. A yanayin 31 kuwa, bit ɗaya tak LA yake sharewa. Umarnin kiran shiri na BALR ma a yanayin 24 yana zuba wasu bayanai, har da condition code, a bayit na saman rajista 14, inda adireshin komawa yake. Kuma in shirin yana buɗe fayil, DCB, wato teburin bayanin fayil ɗin, har yau sai a ƙasan layi.

Shawarata, ku bar shi a 24. Ku mai da kiran ya zama dynamic, wato a loda tsohon shirin dabam lokacin aiki, ku harhaɗa COBOL da zaɓin DATA(24) don bayanansa su zauna ƙasan layi, ku kuma sa zaɓuɓɓukan lokacin aiki ALL31(OFF) da STACK a BELOW. Sai dai wurin ƙasan layi kaɗan ne, kada ku tura komai can. Ni na fi son ɗan shirin tsakani: ya kwafo bayanan zuwa ƙasa, ya shiga tsohon shirin da BASSM, a dawo da BSM (umarnan da ke sauya yanayin adireshi), ya mayar da sakamakon.

Ka aiko mini da listin ɗin assembler, wato jerin umarnan shirin, in duba duk inda ya taɓa bayit na sama. Ka gaishe da su Hajiya da yara.

Naka har kullum.