Wasiƙa Ga Abba: In Za Ka Tsaya Wa Talaka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Abba, mahaifiyarka ta ce mini 'yan teburin da ake shirin tasa daga bakin kasuwa sun nemi ka shiga maganarsu, kai kuma ka amsa. Na ji daɗi. Amma ka san matsayinka: in abu ya ɓaci, kai mota za ka shiga ka koma gida unguwar Nasarawa, su kuwa jarinsu ne a kan titi. Don haka shawara tasu ce, naka shi ne ka ara musu abin da ba su da shi: ilimi, suna, da lambar wayar manya.

Ba kai ne farau ba. Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai da alƙalai ne, ya yi karatu a Kaduna da Landan, ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950 ya rungumi NEPU, jam'iyyar da ta tsaya wa talakawa. Amma waɗanda suka fi shan bulala da ɗauri a hannun En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta wancan zamani, su ne teloli, mahauta, 'yan koli da manoma, sai irin su Hajiya Gambo Sawaba. Haraji da jangalin da suka yi ta yaƙa kuma ba a soke su a Kano ba sai 1979, zamanin Abubakar Rimi. Kusan shekara talatin ke nan, saboda haka kada ka yi wa kowa alkawarin wata guda.

A zaman farko da na biyu ka yi shiru ka saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kana iya zuwa da maganar kotu, alhali abin da suke so a ƙara musu wa'adi zuwa bayan salla, a nuna musu inda za su koma. Za su ce ka zama shugaba, don kunya da girmamawa. Ka ƙi. In ya zama dole, ka riƙe alƙalami. Ka kuma lura da waɗanda ba sa zuwa zama, musamman mata masu abinci da masu larurar nakasa, a tura wanda zai ji ta bakinsu.

Takardar koke kada ta wuce shafi ɗaya, buƙata ɗaya ko biyu. A rubuta da Hausa tukuna, a karanta a bainar jama'a, su yarda, sannan a mayar Turanci. Shugabanninsu ne za su sa hannu. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, ku riƙe. Takardar da ba hatimi, gobe a ce ba a gan ta ba.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne ofis. Kai za ka buga waya a buɗe ƙofa, amma kada ka taɓa shiga kai kaɗai. Ku je da mutum uku daga cikinsu, su yi bayani. Jami'i zai riƙa kallonka yana yi maka Turanci, yana tambayar lafiyata. Ka mayar da zancen Hausa, ka nuna masa mai magana. In aka ja ka gefe aka ce “mu gama tsakaninmu”, to an fara sayenka, ko da ba a ambaci kuɗi ba. Ka fito ka faɗa musu abin da aka ce, a ranar.

Kuɗi kuwa, kada ka ba mutum ɗaya a hannu. Su ci gaba da karo-karonsu ko naira ɗari biyu ce a mako, a buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, naka ya shiga can a rubuce. Ranar da aljihunka ya zama shi ne ƙungiya, ba mai iya ce maka a'a, in ka gaji kuma ta watse.

Kafin kowane fita, a rubuta sunayen masu zuwa da lambar ɗan'uwan kowa, a tanadi lauya da masu tsayawa beli. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Mara halin lauya, akwai hukumar Legal Aid, mai ba marasa hali lauya kyauta. Nan ne sunanka yake da amfani ƙwarai, don ba a cika taɓa mutum ba in an ga wani na waje yana bibiya.

Sai Facebook. Kada ka sa fuskar kowa ba da izininsa ba. Kai yabo za ka samu, shi kuma da hoton za a neme shi. In 'yan rediyo sun zo, ka tura su wurin shugaban.

Ka turo mini takardar koken in duba kafin a kai. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.