Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi Kan Koyar da Jadawalin Sinadarai

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne a matsayina na malamin kemistiri a makarantar sakandare, domin in jawo hankalinka ga yadda ake koyar da jadawalin sinadarai a yawancin ajujuwanmu. Abin da aka saba shi ne a sa ɗalibi ya haddace sinadarai 20 na farko, daga haidurojin zuwa kalsiyam, sau da yawa da 'yar waƙa, sannan a ɗauka an gama da babin. Ɗalibin zai rera su ba gargada, amma idan aka tambaye shi dalilin da ya sa fotasiyam yake zaune daidai ƙarƙashin sodiyam, sai ya yi shiru.

Hadda ba laifi ba ce, kuma mu da muka taso da allo mun san amfaninta. Sai dai jadawalin nan an tsara shi ne domin a karanta shi kamar taswira. Lokacin da Dimitiri Mendelif, masanin nan ɗan Rasha, ya fitar da shi a 1869, sinadarai 63 kawai aka sani, kuma da gangan ya bar gurabe babu komai, ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna, har ya bayyana siffofinsu. A 1875 aka gano galiyam a Faransa, wanda ya gano shi ya auna nauyinsa ya sami gram 4.7 a kowace santimita kubik (cm³), Mendelif ya aika masa cewa ya sake aunawa domin ya kamata ya kai 5.9, da aka tace samfurin aka sake gwadawa sai maganarsa ta tabbata. Mutumin da bai taɓa riƙe sinadarin a hannunsa ba ya gyara wa wanda ya gano shi, don kawai ya iya karanta jadawali. Wannan ƙwarewar ce ya kamata ɗalibanmu su fita da ita, ko da kaɗan ce.

Yau sinadarai 118 ne, a layuka 7 da rukunoni 18, an jera su bisa lambar atam, wato yawan furoton da ke tsakiyar kowane atam, tun bayan binciken Henri Mozli, masani ɗan Ingila, na 1913. Ɗalibin da ya gane cewa sodiyam na rukuni na 1 yana da elektiron ɗaya a zagayensa na waje, kulorin na rukuni na 17 kuwa yana da bakwai, shi da kansa zai faɗi dalilin haɗuwarsu su zama gishirin miya, kuma zai iya rubuta abin da magnesiyam zai bayar idan ya haɗu da kulorin ba tare da an taɓa nuna masa ba.

Misalai kuwa ba sai an aro daga waje ba. Haruffan NPK da ke jikin buhun takin zamani alamomi ne guda uku daga wannan jadawali, wato na naitirojin da fosfaros da fotasiyam. Kanwa tana ɗauke da sodiyam, kuzar Jos tana rukuni ɗaya da dalma, yuraniyam ɗin da ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar shi ne na 92. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya a Jihar Zamfara, kuma daga cikin dalilan illarta akwai cewa jikin ɗan Adam yana karɓar ta kamar kalsiyam ce, ya adana ta a ƙashi. Ɗan manomi ko ɗan mai haƙar ma'adinai da aka koya wa darasin ta wannan hanya ba zai tambayi amfaninsa ba.

Don haka ina roƙon ma'aikatarka ta duba abu biyu. Na farko mai sauƙi ne: a tabbatar kowane ajin kimiyya yana da babban jadawali a bango, ko da fenti ne aka zana shi, domin takarda takan yage kafin zango ya ƙare. Na biyun shi ne mafi nauyi a wurina, wato a tattauna da hukumomin NECO da WAEC a riƙa ba ɗalibi jadawali tare da takardar tambayoyi, sannan a tambaye shi abin da sai ya yi nazari kafin ya amsa, misali a nuna masa sinadarin da bai taɓa karantawa ba a ce ya faɗi halinsa daga inda yake zaune. Malami yana koyar da abin da ya san za a tambaya ne, kuma muddin tambayar ta hadda ce, hadda za mu ci gaba da bayarwa. Idan aka sauya salon tambayar, ya zama dole a haɗa da bita ga malamai, musamman a makarantun karkara inda wanda ya karanta wani fanni daban yake riƙe da darasin kemistiri saboda ƙarancin ma'aikata.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Malamin kemistiri daga Zariya