Ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in faɗi wata wauta da na yi da hannuna, ko wani ya tsira daga irinta.

Ina da bishiyar lemo guda biyu a bayan gida. Bara darɓa ta sauka musu, ganye ya nannaɗe, ya yi danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Ban tsaya tambaya ba, na ɗauko injin feshi, na zuba magani har fiye da abin da aka rubuta a jikin kwalbar, wai don in gama da su gaba ɗaya. Washegari ƙasa ta cika da gawarwaki, na yi ta murna. Sai da na duƙa na duba da kyau na ga ba darɓa kaɗai na kashe ba. Ga zanzaro, ga ƙoƙi-ƙoƙi, ga ƙudan zuma da suka zo wa fure, ga ƙananan jajayen ƙwarin nan masu ɗigon baƙi a baya, waɗanda ke cin darɓa. Bayan mako uku darɓa ta dawo, ta fi ta farko yawa.

Daga baya na gane dalili. Macen darɓa ba ta jiran namiji, haihuwa take yi kai tsaye, 'ya'yan kuma cikin kamar mako guda su ma su fara haihuwa. Waɗanda ke cin ta kuwa ba sa yaɗuwa da wannan saurin. Ashe masu gadi na kashe, na bar wa ɓarawo ƙofa a buɗe. Ita ma tururuwar da nake zagi, kiwon darɓar take yi: tana shan zaƙin da take fitarwa, tana korar duk ƙwaron da ya zo cin ta, kamar makiyayi da garkensa. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki.

Abin da ya ɗan rage mini kunya shi ne, manyan ƙasashe ma sun yi wannan ɓaranɓarama. A 1958 gwamnatin Mao ta ƙasar Sin ta shelanta yaƙi da abubuwa huɗu: ɓera, ƙuda, sauro da gwara. Laifin gwara wai tana cin hatsi. Aka yi ta kaɗa gwangwani ana hana tsuntsayen sauka har su faɗo don gajiya. Da gwara ta yi ƙaranci, fara da sauran ƙwari suka samu sake, suka afka wa gonaki, abin da ya ƙara wa yunwar 1959 zuwa 1961 muni. A 1960 aka cire gwara daga jerin, aka sa kuɗin cizo a madadinta. Garin neman gira aka rasa ido.

A Kalifoniya ta Amurka kuwa dabara aka yi. Wani ƙwaro mai kamar auduga ya kusa tsayar da noman lemo, sai a 1888 aka kawo wani ɗan jan ƙwaro daga Ostireliya wanda ke cin mai kamar audugar. Cikin ɗan lokaci lambuna suka farfaɗo. Su kuma Ostireliya daga baya sai da suka shigo da buzuzu daga waje, har da na Afirka, saboda kashin shanu ya rufe makiyaya ƙudaje na ta hayayyafa a ciki. Buzuzun da muke takewa ba tare da mun kalle shi ba!

Kada a ce ina kare sauro. Wanda ya taɓa jinyar yaro mai zazzaɓin cizon sauro ba zai saurare ni ba, kuma da gaskiyarsa. Haka farar ɗango da ta mamaye Kenya da Habasha da Somaliya a 2020, wannan dole a yi mata feshi. Abin da nake nema ga masu sayar da maganin ƙwari da malaman gona shi ne su riƙa tambayar mai saye wane ƙwaro ne ya dame shi kafin su miƙa masa kwalba, su kuma hana shi feshi lokacin da shuka ke fure.

Bana ban taɓa injin ba. Ruwan sabulu na riƙa fesa wa rassan da darɓa ta fi kamawa, da yamma, na kuma datse waɗanda suka lalace. Makon jiya na ƙirga jajayen ƙwarin nan guda bakwai a reshe ɗaya.

Na gode.

Naku,
Wani mai bishiyar lemo