Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lafiya: Hujjar da ke Lalacewa a Hannunmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ma'aikaciyar jinya ce da ta daɗe a sashen agajin gaggawa, kuma da laifin kaina zan fara. Wani dare aka kawo mana yarinyar da aka yi wa fyaɗe. Tausayi ya kama ni, na wanke ta tas, na cusa tufafinta a leda na ƙulle, na rubuta layi biyu a kati. Na ɗauka na kyauta mata. Da magana ta kai kotu, lauyan wanda ake tuhuma ya tambayi wa ya riƙe tufafin, ƙarfe nawa, a ina suka kwana. Babu amsa. Ashe wankan ya tafi da hujja, danshin cikin ledar kuma ya lalata abin da ya saura. Babu wanda ya taɓa koya mini cewa a jakar takarda ake ajiye irin waɗannan kaya, kowanne daban, bayan sun bushe.

Wannan ilimi yana da gida. Ana ce masa jinyar tattara hujjar shari'a, wato nas ta kula da wanda aka zalunta, ta kuma adana abin da jikinsa ke ɗauke da shi ta yadda alƙali zai karɓa. A Amurka an fara shirye-shiryen nas-nas masu duba waɗanda aka yi wa fyaɗe tun shekarun 1970, a biranen Memfis da Miniyafolis. A 1992 nas-nas 72 suka hallara a Miniyafolis suka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu wannan fanni, Virginia Lynch ta zama shugabarta ta farko, sannan a 1995 ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa. Horon farko na masu duba manya da matasa awa 40 ne na aji, ban da aikin hannu a gaban ƙwararre. Afirka ta Kudu ma tana da cibiyoyin Thuthuzela, inda magani da ɗaukar bayani da shawara ke wuri guda.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa agogo ne ke mulkin wannan aiki. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa iyakarsa kwana 5. A waɗannan sa'o'i likitan binciken shari'a yana nesa, in ma akwai shi. Nas ce ke tsaye a bakin gado ƙarfe biyun dare. Ita ce za ta nemi yardar mai jinya kafin kowane mataki, ta rubuta maganarta da kalmominta ba tare da gyara ba, ta auna rauni da ma'auni, ta faɗi launinsa da siffarsa da inda yake. Ita ce za ta lura da dusashewar murya da ɗigon ja a farin ido, alamun an shaƙe mutum, abin da kan yi kisa bayan an sallame shi ana ganin lafiya lau. Ko wanda aka harba, almakashinta bai kamata ya bi ta hujin harsashin rigarsa ba.

Akwai kuma abubuwan da sai horo mai zurfi ke cire wa mutum daga kai. Rashin rauni a jiki ba ya nufin an yarda, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa fyaɗe ba a ganin rauni a al'aurarsu. Abin da ake kira gwajin budurci ba shi da tushe a kimiyya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi kira a daina shi. Duk da haka na sha ganin rahoton da hukuncinsa kacokan a kan wannan gwaji yake. Ba aikin nas ba ne ta rubuta an yi laifi ko ba a yi ba. Nata ta faɗi abin da ta gani, alƙali ya yi nasa.

Roƙona shi ne kada a sallame mu da bitar kwana uku a otal, a raba takardar halarta a watse. Mun sha irinta. Muna son kwas na gaba da karatun jinya, mai manhaja da jarrabawa, wanda majalisar kula da aikin jinya za ta yi wa rajista kamar yadda take yi wa fannin tiyata ko na yara. A sa sashe na musamman kan duba ƙananan yara, domin jikinsu da yadda ake tambayarsu daban ne. A kawo alƙalai da masu gabatar da ƙara su koyar, a tsayar da ɗaliba a kotun gwaji lauya ya yi mata tambayoyin ƙure, don nas da yawa ba jini suke tsoro ba, akwatin shaida suke tsoro. Wadda ta kammala kuma a ba ta matakin aiki da ya dace, in ba haka ba wata shida ta yi yawa za a mayar da ita ɗakin allura, ilimin ya bi ruwa. Su ma nas-nas ɗin a tanadar musu mai sauraron damuwarsu. Wanda ya kwana yana jin irin waɗannan labarai ba ya komawa gida yadda ya fito.

In kuɗi ne cikas, a fara da asibitocin koyarwa, kowanne ya samu nas ɗaya mai wannan horo a kowane zagayen aiki, da kabad mai makulli da littafin sa hannun karɓar hujja. Ina da shirin shiga ajin farko, ko da ni ce mafi tsufa a cikinsa.

Allah ya taya ka riƙo.

Taka mai biyayya,
Wata ma'aikaciyar jinya