Sanarwa kan musayar masu bincike a harkar 5G da 6G

Salamu alaikum malamai da ƴan digiri na uku. Maganar nan ta zuwa Turai bincike kan sadarwar wayar salula ta cika grup, bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta.

Shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai, mai tallafa wa masu bincike, yana da ɓangaren musayar ma'aikata, amma fa ba mutum ɗaya ke nema ba, cibiyoyi aƙalla 3 ne daga ƙasashe 3 suke haɗa kai, sai su riƙa tura mutanensu wurin juna daga wata 1 zuwa wata 12, jami'arka ta ci gaba da biyanka albashi shirin kuma ya ba da kuɗin tafiya da zama, in ka gama ka dawo gida. Masu tunanin zarcewa daga can, wannan ba naku ba ne.

Ni a ganina mu fara ƙwanƙwasa ƙofar Jami'ar Oulu a Finlan, tun 2018 suke gudanar da 6G Flagship, wato babban shirin bincike kan 6G, sadarwar da za ta gaji 5G, har netwok ɗin gwaji na 5G gare su a harabar makaranta. Sanyi dai kam sai haƙuri.

Kuma kar mu je hannu rabbana don Allah. Muna da abin da ba su da shi: turakun sabis na ƙauye masu aiki da janareta da sola, ga ƙurar hunturu da yadda take taɓa sigina. A auna wannan da kyau, su da kansu za su neme mu.

Mai sha'awa ya turo min taken bincikensa ta gefe, layi biyu kawai, ban da saƙon murya.