Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni a rediyo: me na ba malamai a madadin bulala?

Assalamu alaikum, Alhaji.

A filin kiran waya na rediyo ka ambaci sunana, ka tambaye ni a kunnen mutanen Maraɗi: tunda ina hana malamai riƙe bulala, me na ba su a madadinta a aji mai yara 90? Ka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ka kuma ce wataƙila kuɗin ƙungiyoyin Turawa ne ke magana a bakina. Wannan ta ƙarshe ta yi mini zafi ƙwarai. Ko dala babu wanda ya ba ni. Malaman da suka bi ta hannuna, daga Bagalam har Tibiri, suna nan da ransu, a tambaye su. Ma'aikatar ilimi ta daɗe da hana duka a aji a rubuce, kuma a matsayinka na shugaban iyayen yara ka san da haka. Ban ji daɗi ba da ka riƙe maganar a ciki sai da zaɓen kwamiti ya matso.

Batun kuma bai samo asali daga Turai ba. Nana A'isha ta ce Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya rubuta cewa tsanantawa ga ɗalibi na koya masa ƙarya da yaudara, don kawai ya kuɓuta. Hadisin dukan yaro in ya bar salla a shekara goma da ka kawo magana ce ga iyaye a kan salla, bai ba malamin lissafi izinin marin yaro ba.

To, ga abin da muke ba malami. Aikin yana farawa a makonni biyu na farkon Oktoba, kafin a shiga karatu gadan-gadan. Dokoki huɗu ko biyar, ba fiye ba, a faɗe su da Hausa, domin ɗan CI, ajin farko na firamare, mai shekara 6 ko 7 bai san Faransanci ba, kuma ba a hukunta yaro a kan dokar da bai gane ba. A faɗi abin da za a yi: ɗaga hannu kafin magana, shiga a layi, zama inda aka ajiye ka. Kowace safiya a gwada su a aikace har su zama jiki.

Sai wurin zama, wanda malamai da yawa ke rainawa. Gajeru da masu raunin gani ko ji a gaba. Masu surutu a raba su, a zaunar da su a bakin hanya. A bar hanyoyi biyu a tsakiyar aji, ko da a tabarma ake zaune, yadda malami zai isa wurin kowane yaro ba tare da ya tsallake wani ba. Duk wurin da ƙafar malami ba ta zuwa, nan fitina ke taruwa. A kasa yaran rukuni-rukuni, 8 zuwa 10, kowanne da shugaban da ake canjawa duk mako, aikinsa raba littattafai da tattara kaye, wato littattafan rubutu. Kada a ba shi sanda, kada a sa shi rubuta sunayen masu surutu, in ba haka ba zai fara karɓar kuɗin tara na ƙanana don ya goge suna.

Yawancin hayaniya daga zaman banza take fitowa. Malamin da ya juya baya yana cika babban allo tsawon minti goma, shi ya buɗe ƙofa. A rubuta darasi kafin yara su shigo. A ƙananan azuzuwa kada bayani ya wuce minti 10 zuwa 15 ba a sa hannuwansu aiki ba. A nan tsarin La Martinière da ake koyarwa a makarantar horon malamai yake da amfani: malami ya yi tambaya, ya dakata kaɗan, ya buga tebur kowa ya rubuta a ardwaz, wato ƙaramin allon hannu, ya sake bugawa kowa ya ɗaga. Yara 90 suna aiki lokaci guda, malami kuma yana ganin wanda bai gane ba. In aji ya ruɗe, alama ɗaya tak, tafi uku misali, sannan malami ya yi shiru ya jira. In ya ɗaga murya sama da tasu, su ma ƙarawa za su yi.

Wanda ya saɓa bayan duk wannan, akwai hukunci, hawa-hawa. Kallo da farko, sai malami ya matso kusa da shi yana ci gaba da darasi, sai ya kira sunansa a hankali, sai a canja masa wuri. In ya maimaita, a tsayar da shi minti biyar lokacin hutu a yi magana da shi shi kaɗai, a sa shi gyara abin da ya ɓata: wanda ya zubar da shara ya share, wanda ya yaga littafi ya liƙe. Karo na uku a rubuta laifin da kwanan wata, a kira uba, sannan darakta. Abin da ke rushe wannan tsari shi ne barazanar da ba a cikawa, da hukunta aji gaba ɗaya saboda mutum biyu, da korar yaro waje, inda zai wuce tasha ko kasuwa, gobe ya dawo bai san inda aka kwana ba.

Kuskuren karatu kuwa ba laifi ba ne. Yaron da aka doka don ya faɗi amsa ba daidai ba zai daina ɗaga hannu, ya koma satar amsa. Yarinyar da ke makara kullum, a bincika tukuna, sau da yawa talla ko ɗiban ruwa aka aike ta, maganar ta uwarta ce. Mari ɗaya na iya fasa dodon kunne, bakin bulala na iya samun ido. Durƙusar da yaro a rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, zalunci ne.

Ka yi gaskiya a abu ɗaya, Alhaji: yara 90 sun yi wa mutum ɗaya yawa. Amma wa ya kamata ya tsaya a kan wannan? Har yanzu akwai yaran da ke karatu a rumfunan kara, bayan gobarar Nuwamban 2021 da ta kashe yara sama da 20 a wata lakwal a garin nan. Malamin kwantiragi yana shiga aji da bashin mai shago a kansa saboda kuɗinsa sun makara. Ana kiran uba sau uku ba ya zuwa, sai ranar da aka taɓa ɗansa. Ban ji ka ɗaga murya a rediyo a kan ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Ina roƙonka, a taron kwamitinku mai zuwa ka sa abu uku a gaba: ardwaz da alli ga kowane yaro, inuwa da randar ruwa a harabar lakwal, da alkawarin cewa duk uban da aka kira zai zo cikin kwana biyu. In kun gayyace ni zan zo, mu zauna da malaman mu tsara dokokin aji tare.

Wassalam.
Naka, tsohon daraktan firamare, Maraɗi.