Wasiƙa daga Ennis kan kiɗan da ba shi da suna

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, na san ka riga ka yanke mini hukunci cewa sanyin Ailan ne ya daskarar da hannuna. Ba sanyi ba ne, wani tsohon kaset ne ya hana ni sakat makonni uku cur, kuma abin da ya faru daren jiya ba zan iya barinsa a cikina ba.

Na saye shi a wani shagon gwanjo a nan Ennis. Ɗauka ce ta gida da aka yi a wani zaman kiɗa, har ana jin tari da ƙarar kofuna a bayan gogen. A jikin kwalin wani ya jera sunayen kaɗe-kaɗen da biro, amma a wuri huɗu sai ya rubuta "gan ainm". Ni a zatona wani shahararren kiɗa ne da ake yawan maimaitawa, har na tambayi maƙwabcina, dattijon nan mai busa sarewa, ko ya iya shi. Sai da ya yi dariya har da hawaye kafin ya ce ai da harshensu ma'anar kalmar ita ce "babu suna". Kada ka kuskura ka kai wannan labari majalisar mai shayi.

Wahalar ita ce kiɗan rawa ne zalla, babu baitin da mutum zai kama ya nema, kuma sukan haɗa biyu ko uku a jere ba tare da tsayawa ba. A wurinmu da an kaɗa take kowa ya san mai shi, amma su nan kunne ne ke gadon kiɗa, sunan kuwa yakan faɗi a hanya. Idan ya faɗi sai a laƙaba masa sunan wanda aka ji shi a hannunsa, kamar yadda wani kiɗa ya zama na Joe Cooley, mai kaɗa akodiyon ɗan yankin Galway, shi ya sa kiɗa ɗaya kan yi suna uku ko huɗu.

Dattijon ya koya mini in fara da ƙirga bugu, domin in san ko reel ne mai tafiya huɗu-huɗu ko jig mai tafiya uku-uku, sannan in riƙe gaɓoɓi biyu na farko, waɗanda su ne fuskar kiɗan. Da irin wannan dabara Breandán Breathnach, masanin kiɗan gargajiyar Ailan, ya tsara dubban kaɗe-kaɗen da ya tattara. Na farko cikin kaɗe-kaɗen nan huɗu mun same shi a littafin Francis O'Neill na 1907, mai kiɗa 1,001. O'Neill ɗin nan tsohon shugaban 'yan sandan Shikago ne, ka ga ashe neman wanda ya ɓatar da sunansa tun asali aikin ɗan sanda ne.

Na biyu manhajar Tunepal ce ta gano shi, wadda ke sauraren daƙiƙu kaɗan ta kwatanta da abin da ke rumbunta. Sai dai ta sha ba ni amsar banza kafin mu lura cewa kaset ɗin yana gudu fiye da ƙima, sautin ya hau sama, ga kuma adon da mai gogen ke yi wa kowace jimla. Sai da dattijon ya busa shi tsurarsa, a hankali, sannan ta gane.

Na uku shi ne ya ci mini rai, domin babu shi a littafi, manhajar ma ta gaza. Jiya na bi dattijon wurin zaman kiɗansu, kuma kafin ka tambaya, lemo na sha. Na kunna musu a waya, wata tsohuwa mai goge ta saurara ido a rufe, ba a kai rabi ba ta ɗauki gogenta ta ƙarasa shi, ta ce na Paddy Fahey ne. Na zaro biro cike da murna na ce to mene ne sunansa, sai wurin ya kaure da dariya. Ashe Fahey, manomi mai goge daga gabashin Galway wanda ya rasu a 2019, bai taɓa raɗa wa kaɗe-kaɗen da ya ƙirƙira suna ba, dukansu da sunansa kawai ake kiransu. Makonni uku ina neman abin da mai shi bai taɓa ajiyewa ba.

Saura na huɗu, wanda tsohuwar ta ce ta san shi kamar yunwar cikinta amma sunan ya ƙi zuwa. Ranar Litinin zan shiga Dablin in kai shi ma'adanar kiɗan gargajiya da ke Merrion Square.

Af, kaset ɗin gogen nan na marigayi Baba da ka ara shekara bakwai ke nan, yana nan kuwa? Ka kai wa Gwaggo ta saurara, ka rubuta duk taken da ta gane, ka aiko mini. A gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Abokinka na Ennis